Bugu Arba'in da Shida

Takalman gudu, tawul, gorar ruwa, ambulan mai ɗauke da hoton zuciyarta. Abin da Barewa ta riƙo ke nan. Tana zaune a bayan motar da za ta kai su wajen likitar zuciya.

Auta, saurayinta, shi ke tuƙi. Mamansa na gefensa da wani tsohon ambulan a cinya, hoton zuciyar mijinta ne da ya rasu shekara tara da suka wuce.

A filin wasa suka haɗu. An turo Auta daga asibiti ya auna 'yan mata masu gudun dogon zango. Ya ɗaura mata na'ura a hannu, ya duba, ya sake dubawa.

"Bugu arba'in da shida a minti ɗaya. Kina da rai kuwa?"

"Biyo ni zagaye goma ka gani."

A zagaye na biyu ya zube. Bayan wata takwas ya kai ta gaida Mama.

Shekara talatin Mama ta yi tana aikin jinya, ba ta riƙe hannun mutum ba tare da ta ƙirga bugun zuciyarsa ba. Barewa ta durƙusa, Mama ta kama wuyan hannunta, idonta a kan agogon bango. Fara'arta ta ɗauke. Ta sa aka ɗauki hoto, ya nuna zuciyar ta fi ta sa'o'inta girma.

"Haka ta babanka ta fara," ta ce wa Auta. "Na rasa miji. Ba zan zuba ido ka rasa mata a ɗakin haihuwa ba."

Da safiyar tafiyar ya tura mata saƙo: "Barewata, haka zuciyar masu gudu take. Kar ki ji tsoro."

Ta amsa: "In ba haka ba ne fa? Kwana uku ina sauraronta, kowane bugu sai in ce shi ne na ƙarshe."

Ya ajiye wayar. Shi ma tsoron yake ji.

Likitar zuciya ta manna mata wayoyi a ƙirji, ta ɗora ta a kan injin gudu.

"A kwance, zuciya mai ciwo da mai horo sukan yi kama," ta ce. "A guje ake bambance su."

Injin ya tashi. Casa'in. Ɗari da talatin. Mama ta kafa wa allon ido. A minti na uku aka taɓa sauke mijinta daga irin wannan injin, leɓensa ya yi fari. Da lambar ta kai ɗari da saba'in ta miƙe zumbur.

"Ku tsayar! Za ku kashe 'yar mutane!"

"Mama, ki bar ni," Barewa ta ce tana haki. "Ni ma ina so in sani."

Minti goma sha huɗu ta yi. Aka kwantar da ita nan take, aka sake ɗaukar hoto. Likita ta jera shi da na marigayi.

"Tasa kumbura ta yi don ta gaji, tana cika amma ba ta iya matsewa. Wannan kuwa shekarun gudu ne suka faɗaɗa ta. A bugu ɗaya take turo jini mai yawa, shi ya sa ba ta gaggawa in tana hutawa. Da aka matsa mata, ƙarfi ta ƙara."

"Haihuwa fa?"

"Ban ga abin da zai hana ba, da yardar Allah."

Suka isa mota. Mama ta bar kujerar gaba, ta zauna a baya kusa da Barewa, ta kama wuyan hannunta. Minti ɗaya cur ta ƙirga.

"Ɗari da goma. Wannan ba gudu ba ne, 'yata, tsorona kike ji."

Ta ja ƙofar ta rufe.

"Tuƙa, Auta. Gobe kawunnanka za su je neman aurenta. Allah ya yi muku albarka."