Wayar da Auta Ta Zaɓa

Auta tana durƙushe a baranda tana canza wa wani farin fure tukunya, wayarta ta zame daga aljihun rigar aikinta ta faɗa cikin bokitin ban-ruwa. Ta tsamo ta da sauri, ta goge da gefen mayafi, ta danna, ta sake dannawa. Sikirin ɗin ya ɗan yi haske kore, sannan ya mutu.

Yayarta, wadda ta zo wuni daga gidan mijinta, tana zaune a kujerar roba tana kallonta. Ta yi dariya har da kama ciki.

"Allah ya hutar da ke. Wannan wayar ai tun kina makaranta take wahala."

"Yaya, duk hotunan furannina suna ciki fa. Kwastomomina ta nan suke nemana."

"To sai me? Ba kina da saurayi ba? Ki gaya wa Mai Taswirar naki kina son Aifon, sabuwar fitowa, irin tawa. A nan za mu san ko da gaske yake."

Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu ta ce, "Ke dai ba kya rabo da tsokana." Amma ba ta ce maganar ba daidai ba ce.

Mai Taswira shi ne sunan da gidan suka sa wa saurayin Auta, domin aikinsa awon ƙasa ne, shi ke zana inda sabuwar hanya za ta bi kafin a kawo motocin aiki. A lambun da take rainon furanni a bakin gari suka haɗu. Ya zo sayen itacen inuwa guda ɗaya, ya tsaya yana tambayar sunan kowane tsiro har rana ta faɗi. Tun daga ranar, duk lokacin da Auta ta lumshe ido sai ta ga wani ɗan gida mai faɗin taga, ga taswirorinsa a bango, ga tukwanenta jere a ƙofa. Abba ya san da maganar, bai amsa ba, bai kuma hana ba. Yaya ce kaɗai ba ta ɓoye ra'ayinta: mutumin da takalminsa kullum cikin laka yake bai dace da ƙanwarta ba.

Da ya zo gaisuwa washegari, Auta ba ta faɗi abin da Yaya ta ce ba. Ta dai nuna masa matacciyar wayar. Shi ma da nasa labarin ya zo: an tura shi aiki can cikin tsaunuka, zai yi watanni.

"Kin ga kuwa dole ki yi waya," ya ce, "in ba haka ba wa zan riƙa ba labarin duwatsu? Shirya mu je ki zaɓa da kanki."

Shagon yana hawa na biyu na wani dogon gini, ko'ina gilashi, fitilu farare suna haska wayoyin kamar kifaye a cikin ruwa. Mai shagon wata mace ce mai fara'a da tabarau a goshi. Ta shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan kanta, ta ɗora wayoyi biyu.

"Wannan Aifon ce, wannan kuma Andiroid. Ba zan ce miki ga wadda ta fi ba, ƙanwata. Ki faɗa min yadda kike wuni, sai mu ga wadda za ta iya wuni da ke."

Auta ta fara ɗaukar Aifon ɗin. Sanyi gare ta a hannu, santsi kamar dutsen da ruwa ya daɗe yana wankewa. Ta shafa sikirin, komai ya bi yatsarta ba gardama. Nan take ta ga kanta a falon Yaya, ta ajiye ta a kan tebur cikin ƙawayen Yaya, babu mai yi mata kallon ƙasa-ƙasa.

"Bidiyonta yana da kyau ƙwarai," in ji mai shagon. "Tana daɗewa ana sabunta mata manhaja, in kin tashi sayarwa ma ba ta faɗuwa sosai. In 'yan gidanku irinta suke riƙewa, tura hoto tsakaninku kamar miƙa hannu ne."

"Irinta Yaya take riƙewa. Har Umma ma Yaya ta saya mata irinta."

"To kin gani. Ita kuma wannan, gidansu babba ne, kamfanoni da yawa ke yin ta, akwai ta kowane aljihu. Wannan samfurin batirinsa babba ne, yana cin katin layi biyu. Waccan ma tana ɗaukar layi biyu, sai dai a wadda nake da ita ɗayan a cikin wayar ake saka shi, ba kati ba ne. Tsohuwar taki wace iri ce?"

"Andiroid ce."

"In kin adana kayanki a asusunki na intanet, kina shiga za su dawo. In kin koma ɗaya gidan ma ana iya kwashewa, amma sai an zauna an bi a hankali."

Auta ta ɗauki ta biyun. Ta fi nauyi kaɗan. A kan kantar akwai ɗan tsiro a kofi, ta buɗe kyamara ta matsa kusa da ganyen. Sai ga jijiyoyin ganyen sun fito ɗaya-ɗaya kamar hanyoyi a taswira, ga ɗigon ruwa guda a gefe, fitilun shagon duka suna cikinsa. Ta daɗe tana kallo har ta manta da mutane.

Ta juya ga Mai Taswira ta yi ƙasa da murya. "Kai wacce ka gani?"

"Ni ba ni zan riƙe ba. Amma ba zan ɓoye miki ba: kowacce kika ɗauka zan iya biya. In Aifon ɗin ce, gyaran gidan da na kama mana zai ɗan jira. In wannan ce, ba zai jira ba. Kada ki zaɓa don tausayina, Auta. Ki zaɓi wadda in na kira za ki ji daɗin ɗauka."

Ta tuna lambunta, inda babu wurin caji sai a ɗakin mai gadi, inda layi ɗaya ke ɗaukewa da zarar hadari ya haɗu sai ta koma ɗayan. Ta sake duban ɗigon ruwan nan. Ta tura Andiroid ɗin gaban mai shagon.

"Wannan nake so."

A gida kuwa, Yaya tana ganin kwalin ta tafa hannu.

"Na faɗa. Wallahi na faɗa. Umma, kin ga abin da ya saya mata?"

"Ni na zaɓa, Yaya."

"Ke kika zaɓa, ko ya tsaya a kanki yana miki fuskar tausayi? Namijin da ya fara yi miki ƙwauro tun a waje, in kin shiga gidansa sai kin roƙi kuɗin sabulu."

Ba a rufa mako ba Yaya ta dawo da farar jaka. A gaban Umma da Abba ta zaro sabuwar Aifon a kwalinta ta ajiye a cinyar Auta.

"Ga shi. Ƙanwata ba za ta riƙe abin da za a raina mu ba. Waccan ki mayar masa."

Auta ta dubi kwalin, idonta ya cika. Ta san Yaya tana sonta, ita ta goya ta, ita ta riƙa yi mata kitso tana ƙarama. Ta kuma san in ta buɗe kwalin nan, ta gaya wa Mai Taswira ke nan cewa abin hannunsa bai isa ba.

"Yaya, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Amma ki yi haƙuri, ina da waya."

"Ni kike mayar wa kyauta? Saboda wannan mai yawon dajin?"

"Karɓi mana, Auta," in ji Umma. "Yayarki ce fa."

Auta ta girgiza kai, hawaye suna zuba. Yaya ta fizge jakarta ta fita ko sallama babu. Abba ya gyara zama ya ce, "Maganar yaron nan a dakata da ita tukuna. Abin da ya fara raba min 'ya'ya tun yanzu, sai na dube shi da kyau."

Haka Mai Taswira ya tafi tsaunuka ba tare da an ba shi wata amsa ba. Auta ta gaya masa abin da Abba ya ce, shi kuma ya ce, "Abba ya yi daidai. Mu jira."

Kwanakin suka yi wa Auta tsawo. Yaya ta daina ɗaukar kiranta. Umma tana amsa gaisuwarta a taƙaice. Da safe takan tafi lambu, ta bi layin tukwane tana ɗaukar hoton raɓa a kan furanni kafin rana ta shanye ta, ta tura wa kwastomomi, ta ware mafi kyau ta tura masa. Wani lokaci saƙon yakan wuni bai shiga ba. Takan zauna a ƙarƙashin rumfar lambun tana kallon alamar saƙon, tana ƙiyasta shi a wani kwari mai hazo, yana leƙa na'urarsa mai ƙafa uku, iska tana kaɗa masa riga.

Amma kullum, in rana ta yi ja za ta faɗi, wayar takan yi ƙara. Fuskarsa ta fito yana haki, bayansa sararin sama ne kawai da kawunan duwatsu.

Abba tsohon direban manyan motoci ne, ciwon gwiwa ya zaunar da shi. A baranda yake shan iskar yamma, don haka duk hirar a kunnensa ake yi, ko da yake yakan yi kamar rediyo yake saurare. Wata rana Mai Taswira yana ba Auta labarin wani gangare da ya hana su barci, sun rasa ta inda hanya za ta sauka. Sai Abba ya kashe rediyon.

"Ce masa ya juya wayar in gani."

Auta ta miƙa masa wayar. Abba ya sa tabarau, ya ƙura wa gangaren ido.

"Yaro, in kuka sauke ta kai tsaye, mota mai kaya birkinta zai ƙone kafin ta kai ƙasa. Ni na san irin wuraren nan."

"Haka muke tsoro, Abba. Muna tunanin zagayawa ta bayan dutsen can. In kai ne da kaya a baya, ta ina za ka fi so?"

Hirar da ba ta ƙare ba ke nan sai da duhu ya fara rufe fuskar Mai Taswira. Washegari tun kafin lokaci Abba ya sa aka fito masa da kujera. Bayan 'yan kwanaki shi ke tambaya, "Auta, wayar taki da caji kuwa?" Umma ma ta fara kawo tsintar shinkafarta baranda, tana cewa zafi ya yi yawa a kicin. Auta takan zauna a gefe, da ƙyar take samun gaisuwa, amma zuciyarta fari ƙal.

Wata yamma Abba ya tambaye shi, "Wai me ya sa kullum kake haki kamar wanda aka koro?"

Mai Taswira ya yi murmushin kunya. "A sansaninmu babu sabis, Abba. Sai na hau kan dutsen nan ake samu."

"Kullum kake hawa?"

"Ai ba nisa sosai."

Ya juya kyamarar ƙasa don ya nuna. Tantunansu suna can ƙasa, ƙanana kamar ƙwayar wake. Umma ta ajiye farantinta ta ce, "Ikon Allah." Auta kuwa ta rufe fuska da mayafi, don ita ma ba ta taɓa sani ba.

Ranar hutun mako Abba ya aika aka kira Yaya. Ta zo fuska a ɗaure, ta zauna can nesa. Da wayar ta yi ƙara, Abba ya ce ta matso. Ta matso ba da son ranta ba. Mai Taswira ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har da mai ciwon haƙori. A bayansa rana tana nutsewa tsakanin duwatsu biyu, gajimare ya yi ruwan zinariya a ƙarƙashin ƙafarsa.

Yaya ta daɗe tana kallo. Can ta ce, a hankali, "Ka sauka kafin duhu ya yi, kada ka faɗi ka bar min ƙanwa da kuka."

Abba ya karɓi wayar ya riƙe ta da hannu biyu.

"Yaro, na dube ka, na gama dubawa. In ka dawo, ka turo manyanka."

Daga can kan dutsen ba a ji komai ba sai iska. Auta ta ɗauka layin ne ya yanke, sai ta ga yana share ido da bayan hannu. Yaya ta jawo ta jikinta ta rungume, tana cewa, "To, ya isa, sarkin taurin kai."

Aka yi auren bayan dawowarsa, kuma Yaya ce ta fi kowa kai-kawo. Duk mai neman abokin zama ya duba abin da Abba ya duba: tsadar abin da mutum ya ba ka ba ita ke nuna ƙaunarsa ba, wahalar da yake sha don ya ji muryarka ita ke nunawa. Wanda kuma ya yi haƙuri da danginsa, bai ɗaga musu murya ba, bai kuma saki gaskiyarsa ba, wata rana su da kansu za su kama hannunsa su kai shi inda yake so.