Dinya a Ƙarƙashin Tamfol

"Sauko! Sauko, ko in fasa maka kai!"

Mai Tabo, ogan 'yan fashin, ya finciko direban daga mota. Dattijon ya faɗi a kan kwalta, hularsa ta yi gefe. A bayan motar kejuna ne jere har sama: kaji, talotalo, da dinya, manyan agwagin nan masu dogon wuya da ba sa ganin baƙo su yi shiru. Suka ɗauki ihu gaba ɗaya.

Tsito na tsaye, fuska a rufe, bindiga a hannunsa. Direban nan kawunsa ne, yayan mahaifiyarsa. A motar nan ya yi shekaru yana lodi kafin ya bi 'yan iska, kuma shi ya ba da hanya da lokaci. An yi masa alkawari kaya kawai za a ɗauka. Alkawarin ɓarawo kuwa, ai ka san ƙarshensa.

"Ɗaure tsohon nan ka cusa shi tsakanin kejin," in ji Mai Tabo. "Dogo, jawo tamfol ka rufe mana 'yan gulmar nan!"

Tsito ya ɗaure kawunsa bai yarda sun haɗa ido ba. Ya matso kusa da oga, ya rage murya. "Oga, ba a rufe tsuntsu da tamfol a ranar nan. Iska suke so. Za su dahu."

"To mu shiga gari suna mana sanarwa? Kai, shiga mota, ɗan rainin hankali!"

Aka ɗaure tamfol tamau, ko'ina ba kafa. Dogo ya ja mota.

A can baya, wani mai babur da ya hango abin daga nesa ya riga ya kai wa 'yan sanda labari. Sajan da ke shingen bakin gada ya tara yaransa. "Motar kaji ce. Kowace babba ta zo, ku tsayar."

Rana ta take tsaka. Kujerar gaba kanta zafi take kamar kasko, balle baya. Tsito ya kasa kunne. Da farko dinya na ta faɗa. Can sai murya ɗaya, biyu. Daga nan tsit.

"Ka ji ko?" Dogo ya yi dariya. "Sun yi ladabi."

Tsito ya waiwaya baya. Kawu kan tsaya a inuwa ya yayyafa musu ruwa, yana cewa muddin dinya na masifa to lafiya lau ake. Shirunta shi ne mugun labari. Kuma mutum na can a tsakiyarsu, baki a ɗaure.

"Oga, don Allah mu tsaya. Mu ɗaga gefe ɗaya kawai."

"In ka sake magana, kai ma can za ka koma."

Sai ga shinge. Layin motoci, ba gaba ba baya, rana na dukan tamfol. Mai Tabo ya tura bindiga ƙarƙashin cinya. "Kowa ya saki fuska. Siminti muka ɗauko."

Sajan ya ƙaraso yana duban motar. Babu kuka, babu motsi. Har ya ɗaga hannu zai ce su wuce —

Tsito ya banke ƙofa ya dira! Ya zaro wuƙa, ya sare igiya, ya yaye tamfol. Wani tururi mai wari ya buso.

"Akwai mutum a ciki! Ku taimaka!"

"Munafuki!" Mai Tabo ya ɗaga bindiga — tau! Harsashi ya huda keji. 'Yan sanda suka mayar — tau! tau! Oga ya zube a bakin taya, bai ƙara shurawa ba. Dogo ya tsallake gada ya faɗa daji.

Aka jawo dattijon, jiki sharkaf, numfashi sama-sama. Aka kwance masa baki. Sajan ya shaƙo wuyan rigar Tsito ya kawo shi gabansa.

"Baba, wannan fa? Yana cikinsu?"

Kawu ya daɗe yana kallonsa. Tsito ya san kallon, ya san an gane shi tun a kan kwalta. Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

"Yarona ne," dattijon ya ce da ƙyar. "Tare suka kama mu."

Dattijon bai kai asibiti ba, ya cika.

Matattun tsuntsayen da aka sauke a gefen titi tsibi guda ne, waɗanda suka rayu ba su cika keji biyu ba. Da mai kayan ya iso, ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Tsito kuwa aka yi masa tambayoyi aka sake shi, har Sajan na dafa masa kafaɗa yana cewa ya yi jarumta.

A gida ma haka. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya sa masa albarka, kowace albarka na sauka a ƙirjinsa kamar garwashi. Ko abinci ba ya taɓawa. Mahaifiyarsa na cewa a bar shi, shi da kawunsa sun shaƙu.

Da mutane suka ragu, matar kawu ta kira shi ɗaki. Ƙananan yaranta na zaune a tabarma suna kallonsa. Ta kama hannunsa ta sa masa makullin motar.

"Kullum yana cewa za ka dawo hanya. Ga ƙannenka nan, ba su da kowa sai kai."

Tsito ya buɗe baki zai faɗi gaskiya. Ƙaramar cikinsu ta rarrafo ta hau cinyarsa. Ya rufe bakin, ya damƙe makullin.