Ranar da Uwani Ta Auna Iska

Motoci dubu goma sha ɗaya ne suka tsaya cak a Birnin Marke ranar Talata da ƙarfe sha ɗaya da minti takwas na safe, ba su sake motsi ba sai bayan la'asar. Ba wuta aka ɗauke ba, ba kuma hatsari aka yi ba. Wata mai faci ce a Tashar Yamma, Uwani Barau, 'yar shekara hamsin da huɗu, ta auna iskar tayar wata bas.

Tun shekarar 2064 motocin Marke ba su da direba. Wata babbar kwamfuta da ake kira Makiyayi ce ke kora su. A cikin kowace taya akwai na'ura kamar ƙwallon dabino da ke kai wa Makiyayi labarin iskar da ke ciki. Mutanen tasha suna ce mata ɗan tsegumi. In iska ta ragu, fitila ruwan ɗorawa ta kama a allon mota. Mai mota yana da zaɓi biyu: ya ƙara iska, ko ya danna maɓallin saiti, wanda ke gaya wa ɗan tsegumi cewa iskar da ke ciki yanzu ita ce daidai.

Da safiyar ranar, Talle mai bas ya kawo motarsa a sauya masa bawul, wato bakin da ake zuba wa taya iska. Uwani ta zagaya bas ɗin sau biyu. Ta tsuguna, ta miƙe, ta koma ta tsuguna. Tumbin tayoyin ne bai yi mata ba. Ta ɗauki ƙarfe ta ƙwanƙwasa ta baya, sai ta ji sauti kamar na kankana da ta kwana a rana.

"Talle, yaushe rabonka da ba su iska?"

"Haba Yaya Uwani, dubi allo mana. Kore shar. Ko kin fi Makiyayi ilimi ne?"

"Na tambaye ka allo?"

Talle ya sosa ƙeya. "Da bazara dai na ɗan sassauta musu. Haka Baba yake yi. Kwalta in ta ɗau zafi, taya mai cikakkiyar iska ba ta kai labari."

"Da damina ta sauka ka mayar?"

"Fitila ba ta kama ba."

"Ina za ta kama, bayan ka toshe mata baki?"

Ta shiga rumfa ta buɗe akwatin mahaifinta, ta ɗauko gejin auna iska na tagulla mai allura, irin wanda aka daina amfani da shi tun tana budurwa. Ta dafa shi a bawul. Allura ta tsaya a ashirin da uku. A jikin tayar, da rubutun da ya kusa gogewa, an sa talatin da shida. Ta bi sauran biyar ɗin. Duk haka.

Abin da Uwani ba ta sani ba a lokacin shi ne, ba Talle kaɗai ba ne. Kowace bazara masu motoci suna rage iska kamar yadda suka ga iyayensu na yi, su danna saiti. Makiyayi kuwa an gina shi ne ya koya daga jama'a. Yana tara lambobin da mutane suka amince da su, ya fitar da matsakaici, ya mai da shi ƙa'idar gari. Taya mai laushi ta fi saurin ɗaukar zafi, ta fi saurin fashewa. Duk shekarar da fashewa ta yi yawa, sai mutane su ƙara ragewa. Shekara goma sha tara ana haka.

Ta kunna famfo ta cika tayoyin shida. Allo ya koma ja: iska ta yi yawa. Ta danna saiti, ya ƙi karɓa. Ta sake dannawa ta riƙe, sai ya nemi lambar lasisinta. Ta sa.

Akwai wata tsohuwar doka a cikin Makiyayi: awon mai lasisi da ya auna da hannunsa ya rinjayi matsakaicin gari. An daɗe ba wanda ya taɓa dokar. Cikin daƙiƙa biyu Makiyayi ya karɓi talatin da shida a matsayin gaskiya, ya duba sauran motocin, ya ga kowacce tana tafiya da kashi biyu cikin uku na iskarta. Ya ja su gefen titi, ya kashe.

Uwani ta ji shirun kafin ta gane shi. Sai hayaniyar mutane ta biyo baya. Wayarta ta yi ƙara. Injiniya Ɗan'azumi ne, jami'in Hukumar Zirga-zirga mai kula da shiyyar yamma.

"Mama, ke kika sa lamba yanzu?"

"Ni ce."

"Don Allah ki janye. Ki danna cewa gejinki ne ya yi kuskure, gari ya tashi."

"In na ce haka, lasisina fa?"

"Doka ta ce wanda ya ba da awon ƙarya, a karɓe. Amma za mu duba miki."

"In na ƙi?"

"Shi ma za a karɓe. Mama, akwai motocin asibiti goma sha huɗu a kan hanya."

Ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Ta je bakin titi, ta dawo, ta ɗauki gejin, ta ajiye. Lasisin nan shi ne rumfar, rumfar kuma ita ce abin da mahaifinta ya bari. Talle yana biye da ita yana cewa, "Yaya, danna kawai, wa ya aike ki?"

"Injiniya," in ji ta, "ka sa a turo mini na asibitin. Minti uku kowacce, in cika su su wuce. Amma ban auna ƙarya ba, ba zan ce na auna ba."

Biyar aka iya turowa da hannu, ta cika su, Makiyayi ya sake su. Sauran tara sun yi nisa, sai a kafaɗa da amalanke aka ƙarasa da marasa lafiyan. Da ƙarfe huɗu da rabi majalisar gari ta zauna ta soke tsohuwar dokar. Ƙa'ida ta koma ashirin da uku, motoci suka tashi. Bas ɗin Talle da motocin asibitin nan biyar kaɗai Makiyayi ya hana tafiya, saboda iskarsu ta yi yawa. Da yamma Talle ya sa tsinke a bawul ya rage tasa.

Washegari hukuma ta dakatar da lasisin Uwani, ta rufe rumfar, ta tafi da gejin ɗakin gwaji. Sanarwar ta ce za a mayar mata da aikinta idan bincike ya nuna allurar tana faɗin gaskiya. Kwana goma sha biyu ke nan ba a fara binciken ba. Duk ma'aunan da ke ɗakin gwajin da lambar Makiyayi ake saita su, kuma har yanzu ba a sami geji na biyu mai allura a faɗin birnin da za a gwada nata da shi ba.