Kwamfutar da Ba Ta Jin Gyara

Ranar da Barakatu ta fara ganin Anwar, ba soyayya ce ta kai ta shagonsa ba, kwamfuta ta je saya. Malamar Islamiyya ce a cikin garin Daura, ta gaji da kai tambayoyin jarrabawa wajen masu bugawa suna cika mata su da kurakurai. Mahaifinta, Malam Jibril, shi ya rako ta, ya tsaya bakin ƙofa yana gaisawa da jama'a.

"Malama, wace iri kike so?" in ji Anwar. "Ga laftof, ga ta girke."

"Wacce ta fi?"

"Kowacce da ranarta. Ta girke ta fi ƙwari, fuskarta babba ce, ba ta gajiyar da ido. Amma ana ɗauke wuta ta mutu. Laftof kuwa tana da batir, ki sa a jaka ki tafi makaranta. A ganina ita ce daidai da ke. Ko ta samu matsala, aiko ta kawai za ki yi."

"Ta girken fa?"

"Ita kam sai dai in zo gida."

To fa! Bawan Allah yana ta zuba bayani tsakaninsa da Allah, bai san ya gama magana ba. Barakatu ta saci kallonsa sau ɗaya, ta ji zuciyarta ta yi wani irin sanyi, ta sunkuyar da kai.

"Ta girken za ka ba ni."

Gidan Malam Jibril ba a shiga, don haka a zaure Anwar ya haɗa mata ita, ya buɗe cikinta ya nuna mata komai, ita ta kinkime ta zuwa ɗaki. Sati guda, sati biyu, kwamfuta lafiya ƙalau, ko tari ba ta yi. Haushi ya ishi Barakatu. Ran wata Laraba ta kwance murfin, ta zare wata baƙar waya, ta ɗauki wayarta ta hannu.

"Salamu alaikum. Kwamfutar ta ƙi tashi. Ko za ka samu lokaci?"

Bayan La'asar sai ga shi. Ta ciccibo ta zuwa zaure tana nishi, ya gyara cikin minti biyu, suka yi hirar awa guda. Haka aka yi ta yi. Bayan zuwa na huɗu saƙonsa ya shigo:

"Sanyin idona, don Allah ki daina taɓa baƙar wayar nan, ta wuta ce, ina tsoron ta ja ki. In ya zama dole, ki zare shuɗiyar."

Barakatu ta rufe fuska da filo don kunya. Sai can ta amsa: "Injiniyana, ashe ka sani?"

"Na sani. Kuma ina son ki."

Da manyan Anwar suka zo neman aure, Malam Jibril ya ce a'a, kai tsaye.

"Sau shida cikin wata biyu yaron nan yana zuwa gyaran abin da shi ya sayar. Ko bai iya sana'arsa ba, ko maha'inci ne. Wanne zan ba 'yata?"

Ana cikin haka Sabiru, ɗan wani abokin Malam daga Mai'adua, ya aiko da sabuwar laftof toshi. Malam ya ji daɗi ƙwarai. "Kin gani? Wannan ko sau ɗaya ba ta taɓa ƙi ba." Barakatu ta tashi ta koma ɗaki. Ita ta ɓata sunan wanda take so da hannunta, kuma ina za ta samu bakin gaya wa mahaifinta? Kwana uku abinci ba ya shiga.

Ran Asabar da hantsi Malam ya kira Anwar zaure, ya sa aka fito da kwamfutar. Barakatu ta laɓe a bayan ƙofa.

"Ka gaya mini gaskiya, ruɓaɓɓiya ka sayar mana?"

"Lafiyarta ƙalau, Malam."

"To me ke damunta?"

"Na san abin da ke damunta, amma ba ni da bakin faɗa."

"Shi ke nan. Ɗauki kayanka, kada in ƙara ganin ƙafarka a ƙofar gidan nan."

Barakatu ta ji ƙarar ɗaga kwamfutar. Da gaske tafiya zai yi! Ba ta san lokacin da ta turo ƙofa ta durƙusa ba.

"Baba, ni ce. Ni nake zare mata waya."

"Ke? Don me?"

Hawaye ne suka amsa. Malam ya dube ta, ya dubi Anwar da ke tsaye rungume da kwamfuta yana zufa. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun zuwana na biyu."

"Kuma ka bari ina kiran ka maha'inci a gaban iyayenka?"

"Gara sunana ya ɓaci da nata, Malam."

"Ajiye, kar bayanka ya ƙage," in ji Malam. Ya juya wajen 'yarsa. "Ke kuma, uwarki ba ta da kunne ne, sai kin wahalar da ƙarfe? Tashi ki ba ni wuri."

A satin aka mayar wa Sabiru laftof ɗinsa da godiya da ban haƙuri. Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan, mutane har daga Mashi da Kongolam.

Da yamma, kafin a tafi da amarya, aka kai ta ta yi sallama da mahaifinta. Tana durƙushe cikin lulluɓi tana kuka, Malam ya sa aka kira ango, ya riƙe hannunsa.

"Shekara talatin ina karantar da mutane illar zato, sai ga shi na yi maka. Ka yafe mini, ɗana."

"Haba Baba, ni ne mai neman gafara."

"Wanda ya rufa mata asiri tun ba tasa ba, ba na jin tsoron ba shi ita. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

Barakatu ta ce amin, farin ciki ya cika mata zuciya.