Kwale-kwalen Sarkin Ruwa

Rana ta take sa'ad da Sufeto Iliyasu ya sauko daga Landiroba a Rafin Masu, wani ƙauye da ke bayan Bunkure. Kofur Bilya na biye da shi.

Ɗakin da aka yi satar rumfar kwano ce da ƙungiyar ci gaban ƙauyen ta gina bayan dam ya tare kogi, sana'ar su ta mutu, masunta suka koma noman rani. A nan aka tara komaye da goruna da tsofaffin jirage don 'yan baya su gani. An yi bikin buɗewa, an ci shinkafa, an ɗauki hoto. Daga ranar ba wanda ya sake leƙowa sai jemagu.

Abin da ya ɓata shi ne babban kwale-kwalen marigayi Sarkin Ruwa, wanda aka sassaƙa daga maɗaci guda. Wanda ake zargi kuwa ɗansa ne, tsoho Maharazu, maigadin wurin. Tun jiya yake kwance a bayan kanta, kuma in ba a sami wani ba, shi za a kai kotu.

Sakataren ƙungiya, Alhaji Muhammadu Sani, shi ya kawo ƙarar, shi ya tarye su.

"Yallaɓai, maganar a fili take. Jirgin ubansa ne, kullum yana ƙorafin rana na tsaga shi. Ya sa 'yan'uwansa sun tafi da shi Wudil kama kifi."

"Yaushe ya ɓata?"

"To... a cikin watan nan dai."

"Wata guda, Alhaji? Abu mai tsawon mota?"

"Ayyuka sun yi yawa, Yallaɓai. Lokacin tumatir ne."

Sufeto ya goge zufa, ya dubi gurbin jirgin. Filafilinsa na nan jingine da bango, ƙura ta rufe shi. Ya daɗe yana kallonsa. Masuncin da zai saci jirgi ya bar abin tuƙi, bai taɓa jin labarinsa ba.

A caji ofis aka fito da Maharazu. Tsohon ya zauna a ƙasa, ya ƙi benci.

"Baba, ina kake jirgin ya fita?"

"Ina Wudil, ɗana, wajen jinyar ƙanwata. Na bar wa Alhaji mabuɗi. Da na dawo na ga wayam, na je na faɗa masa, sai ya ce in jira shi. Ashe ku ya tafi kirawo."

"Ya ce bai taɓa riƙe mabuɗi ba."

"Allah na gani."

"Mutum nawa ke ɗaga jirgin?"

"Ba ya ɗaguwa. Sai dai shanu su ja."

Washegari suka koma ƙauyen. A bakin ƙaramin kanal, hanyar da ruwan dam ke bi zuwa gonaki, wata mata, Barira, ta tare motar, gyalenta ɗaure a ƙugu.

"Ranka ya daɗe, tunda ga hukuma ta zo, albasata na mutuwa. Ruwa ya daina isowa ƙarshen layinmu. Na faɗa wa mai buɗe ruwa, ya ce za a duba. Na faɗa wa dagaci, ya ce za a duba. Ko sai ta bushe ƙurmus za a duba?"

"Iya, mu sata muka zo bincike," in ji Kofur Bilya.

"Wannan ɗin mene ne, kyauta?"

"Tun yaushe ruwan ya ragu?" Sufeto ya tambaya.

"Tun da Maharazu ya tafi jinya. Na riƙe, don ranar na ba shi saƙon garin kuka ya kai wa ƙanwar tasa."

Sufeto ya dubi kanal ɗin. Ya tambayi ko akwai kafinta a garin, aka nuna masa rumfar Ɗanladi.

Ɗanladi ya rantse rabonsa da ganin jirgin tun ranar biki. Sufeto ya tsuguna a bayan rumfar, inda aka tara itacen girki, ya zaro wani guntun katako ja mai lanƙwasa, da tsohon ƙarfen ɗaure igiya a jikinsa.

"Wannan ƙafar kujera ce?"

"Tsintarsa na yi."

"Kofur, kawo ankwa."

"Tsaya, Yallaɓai! Ni aiki aka ba ni. Aka ce in yanke kai da gindi, in shafe tsagar da kwalta. Na ce Alhaji, wannan fa jirgin Sarkin Ruwa ne. Ya ce Sarkin Ruwa ya mutu, ruwan ma ya mutu."

Da la'asar aka ɗauko Maharazu, aka kira Muhammadu Sani, aka bi kanal har inda filin gwamnati ya ƙare. Can akwai wani kwari, a hayinsa kuma sabuwar gonar tumatir, kore shar, a wurin da ruwa bai taɓa zuwa ba. An fasa gefen kanal. An gitta kwale-kwalen a kan kwarin, ba kai ba gindi, ruwa na bi ta cikinsa kamar indararo yana zuba a gonar.

"Gonar wa ce, Alhaji?"

Muhammadu Sani ya cire hula, ya mai da ita.

"Tawa ce. Yallaɓai, mu faɗi gaskiya. Shekara nawa yana can gara na ci? Na nemi a gyara rufin, kowa ya ce in Allah ya kai mu kaka. Bututu ya yi tsada. Na ga abu a yashe, na sa shi aiki."

"Ka kuma sa tsoho a bayan kanta."

"Na ɗauka za a tsare shi kwana biyu a sake shi, magana ta wuce. Ai haka aka saba."

Sufeto bai musa ba. Haka aka saba ɗin, kuma a ofishinsa ma. Ya juya wajen Maharazu.

"Baba, doka na so ka shaida. Wannan ne abin da aka sace?"

Tsohon ya gangara a hankali, ya sa hannu a ruwan, ya shafa cikin katakon har inda zarto ya tsaya.

"Itacen dai shi ne."

"Jirgin fa?"

"Ni ban ga jirgi ba, ɗana."

Kofur Bilya ya sa wa Muhammadu Sani ankwa. Alhajin na hawa mota ya waiwayo.

"Don Allah, Kofur, a sa wani ya toshe ruwan kafin magariba. In ya kwana yana zuba, tumatirin zai ruɓe."

Maharazu ya ce shi ba zai shiga motar ba, a ƙafa zai tafi gida.