Kabar Giwar Yaya

A wani zamani an yi wata yarinya da yayarta ta yi aure a nesa, ta bar mata kabar giwa, shukar nan mai kaurin ganye. Duk sanda kewa ta kama ta, sai ta zuba wa shukar ruwa. Da safe ruwa, da yamma ruwa, har ganye ya fara ruɓewa.

Kakarta ta ba ta yashi da tukunya mai huji a ƙasa, ta ce, "Dasa ta nan, jikalle. Babu ruwa sai yashi ya bushe."

Washegari kewa ta dawo. Yarinyar ta ɗauki buta, ta taɓa yashi, ta ji danshi. Sai ta ajiye butar, ta zauna tana ba shukar labarin Yaya.