Ƙwai da Toka a Goshin Shafa'atu

Ƙudaje sun hana Shafa'atu sakat.

Tana zaune a tsakar gidansu a Tsafe, tana korarsu da mafici, tana danne amai. Kwana biyu ke nan da ta lafta wa goshinta haɗin nan: ruɓaɓɓen ƙwai, toka da kitsen akuya.

"Tir! Wagga ƙazanta har yaushe?" in ji Innarta, hannu a hanci.

"Saura kwana ɗaya, Inna..."

Duk saboda Mahadi ne, manomi daga Nahuce, wanda ya shekara yana nemanta. Maraya ne. Gwaggo Hadiza ta raine shi, abin da ta ce kuma shi ke zama. Sau ɗaya ta taɓa ganin Shafa'atu, a gidan suna, ta koma tana tsaki.

"Ɗiyar ta hango ni ta tattare goshi kamar ta taka kashi. Shekara ashirin, tamoji uku a goshi! Ko raini ne, ko an ɓoye mana shekaru."

Zuwaira, maƙwabciyar Gwaggo, ita ta kawo wa Shafa'atu maganar, ta haɗo da maganin tamoji a ɗan kwano. Ta daɗe tana son Mahadi, amma ba ta taɓa nunawa ba.

"Kwana uku, ƙawata, kada ruwa ya taɓa. Gwaggo sai Juma'a za ta zo dubanki."

Yau Laraba. Sai ga sallama.

Mahadi ya tsaya a zaure, mata biyu suka shigo. Shafa'atu ta ƙanƙance ido, ta ruga ta durƙusa gaban mai farin mayafi, kai a ƙasa.

"Sannu da zuwa, Gwaggo."

Zuwaira ce. Ta sheƙe da dariya.

"Subhanallahi!" Gwaggo ta ja da baya, ta tofar da yawu. "Mushe kuka aje a gidan nan?"

"Ai na faɗa miki ƙazama ce," in ji Zuwaira.

"Ke fa kika ba ni!" in ji Shafa'atu.

"Ni? Allah ya kiyaye!"

Gwaggo ta juya za ta fita. A bakin ƙofa ta tsaya, ta daɗe tana kallon yarinyar da ta gaida wadda ba ita ba. Ta ɗaga carbinta.

"Ke, ɗago. Mi na riƙe?"

Shafa'atu ta matse ido. Goshin ya naɗe, busasshen haɗin ya tsage, ɓawo ya faɗo mata a cinya.

"Igiya ce...?"

"Ba raini ba ne," Gwaggo ta ce a hankali. "Ɗiyar ba ta gani daga nesa."

Ta tako, ta sa ƙafa ta kifar da kwanon haɗin. Ɗoyi ya tashi. A gindin kwanon akwai ɗigon jan fenti biyu, shaidar da take yi wa kwanukanta don kada su ɓace a gidan biki.

"Wanga kwano nawa ne. Ran Lahadi kika are shi, Zuwaira, kika ce miya za ki kai."

Zuwaira ta buɗe baki.

"Rufe shi. Ya fi kwanon wari. Fita!"

Gwaggo da kanta ta wanke goshin, sabulu sau uku, tana kau da kai tana tsaki. Toka ta ci fatar, ta yi jajir.

Mahadi ya yi magana daga zaure.

"Shafa, hasken idona... wa ya ce miki na damu da goshi?"

"Yi mana shiru," in ji Gwaggo. "Je ka tsayar da motar Gusau."

A asibitin ido, likitar ta gwada Shafa'atu, ta girgiza kai.

"Shekara nawa kina matse ido haka? Fata kamar tufa ce, inda aka yi ta ninkewa nan take kwantawa. Ki sa tabarau, ki rage zama cikin rana, ki sha ruwa, in ciwon ya warke ki riƙa shafa man kaɗe. Tamojin da suka fito ba za su ɓace duka ba, amma ba za su yi saurin ƙaruwa ba. Ƙwai kuwa a soya."

Ranar da aka ba ta tabarau, ta fito ta hango Mahadi can a bakin titi, tsaye cikin rana. Karo na farko ta ga fuskarsa daga nesa, tar.

Ta ƙarasa, ta yatsina baki.

"Kai! Ashe naka tamojin huɗu ne!"

"Noma ne, masoyiya..."

"Kuma ba wanda ya shafa maka ƙwai?"

Gwaggo, da ke tsaye a gefensu, ta yi kamar ba ta ji ba.

Bayan girbi aka ɗaura aure. A cikin kayan da amarya ta shigo da su Nahuce akwai kwalbar man kaɗe da sabuwar malafa ta ango.

Kwanon kuwa Gwaggo ba ta karɓa ba. Ta aika wa Zuwaira shi, ba a wanke ba.